A Bar Mana Hanyar Maraɗi A Buɗe

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in faɗi abin da ke raina game da ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na can ke kira CEDEAO.

Ni mutumin Jibiya ne, hatsi da wake nake saye da sayarwa. Yayata tana aure a Maraɗi fiye da shekara 20. Ranar 28 ga Janairu 2024 da aka yi sanarwar ficewar, mijinta ya kira ni yana ta murna, wai sun huta. Raina ya sosu, amma na kasa musa masa, domin na san abin da suka gani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, ECOWAS ta sa aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke musu wutar lantarki, har ana maganar tura sojoji. Da idona na ga manyan motoci jere a bakin iyaka, direbobi sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu, kaya na lalacewa a rana. A watannin nan ne mahaifiyarmu ta kwanta ciwo. Sai kan babur yayata ta biyo ta daji, ta iso da daddare, ƙura har cikin ido, kamar mai laifi, alhali gidan ubanta ta zo.

Ba na goyon bayan juyin mulki, kuma tsare hamɓararren shugaban ƙasa Bazoum da aka yi bai yi mini daɗi ba. Amma takunkumin nan bai taɓa Janar Tchiani, jagoran juyin mulkin, ba, talaka ya murƙushe. Ko da aka janye shi a Fabrairun 2024, zukata sun riga sun yi nisa.

Duk da haka na gaya wa mijin yayata cewa murnarsa ta yi sauri. Yarjejeniyar 1979 ce ta ba shi damar shiga Kano ba biza, ta ba ni damar kwana a Maraɗi. Da ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarsu, jama'a da kaya su riƙa wucewa, amma har zuwa wani lokaci. Wannan "wani lokaci" shi ke hana ni barci. Rana ɗaya wani zai iya tashi a Abuja ko Yamai ya ce lokacin ya yi. Mu kuwa iyakar nan ta kusan kilomita 1,500 ta ratsa ta tsakiyar dangi ne. Har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkin Maraɗi, kuma abin da ke tsakanin Illela da Ƙonni, ko Maigatari da Damagaram, bai bambanta da namu ba.

Roƙona shi ne gwamnatocin Najeriya da Nijar su zauna su biyu, su rubuta tasu yarjejeniyar kan zirga-zirga da kasuwanci, wadda ba ta rataya a kan ECOWAS ko AES, wato ƙawancen da Nijar, Mali da Burkina Faso suka kafa, ba. Malamai da sarakunanmu sun je Yamai a Agustan 2023, Allah Ya sa aka kauce wa yaƙi. Don Allah su sake komawa a kan wannan magana, su kuma tafi da 'yan kasuwar iyaka da direbobi, domin su ne suka kwana a ƙarƙashin motocin.

Wassalam,
Mai karatunku daga Jibiya, Jihar Katsina