Wasiƙa daga Landan: Dalilin da na zaɓi bincike

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da dukkan mutanen gida. Ni ma lafiya lau nake, sai sanyi da kewar gida.

Baba, Yaya ya isar mini da saƙonka, cewa tunda Allah ya sa na zama likita, me ya hana in dawo in buɗe asibiti, na tsaya wani karatun bincike? Tambayar tana kan hanya, shi ya sa na ga gara in amsa a rubuce.

A makarantarmu ta nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi akwai wani dattijon Bature, Farfesa Brian Greenwood. Tun 1965 ya je Najeriya, ya fara aiki a asibitin koyarwa na Ibadan. Daga 1970 ya koma Zariya, ya yi kusan shekara 10 a Jami'ar Ahmadu Bello, lokacin da ake kafa makarantar likitoci. A can ya ga yadda sanƙarau ke yi mana idan zafi ya shigo: a kawo yaro wuya a sandare, wani ya rasu, wani ya tashi ba ya ji har abada. Yana duba su yana ba su magani, amma kuma yana ɗaukar samfur zuwa ɗakin gwaji, yana bin diddigin ƙwayar cutar da yadda take yaɗuwa.

Kai shaida ne a kan annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Likita nawa ne zai tare wannan a bakin gado? Abin da ya karya lagon nau'in da ya fi yi mana ɓarna shi ne allurar rigakafi ta MenAfriVac, da aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta shigo Arewa a 2011. Aikin mutane da yawa ne, amma a kan binciken irin su Greenwood aka ɗora shi.

A 1980 ya tafi Gambiya, ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta can shekara 15. A zamaninsa aka nuna cewa gidan sauro mai magani yana rage mutuwar yara ƙwarai. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauron nan ma da ake bi gida-gida ana ba ƙanana duk wata a damina, wanda jikokinka suke sha, yana cikin waɗanda suka dage a kansa har Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012.

Abin da ya fi kama zuciyata, Baba, shi ne shugabancinsa. Ya nemo kuɗi aka horar da matasan Afirka har digirin digirgir, da nufin su riƙe binciken a ƙasashensu. A ganina nan ne muke da giɓi. Cutar tamu ce, yaran namu ne, don haka ya kamata masu binciken su zama waɗanda suka san yadda uwa take faɗin ciwon ɗanta da Hausa. Har yanzu zazzaɓin cizon sauro ya fi kashe mutane a Najeriya fiye da kowace ƙasa a duniya.

Ba zan bar duba marasa lafiya ba. Niyyata idan na gama in dawo in koyar a asibitin jami'a, safe ina ɗakin majinyata, yamma ina ɗakin gwaji. Kuɗinsa bai kai na asibitin kai ba, na sani, kuma ina roƙon ka sa mini albarka a haka.

Don Allah a ce wa matar Yaya idan masu maganin damina suka zo, ta cika wa yaran kwana ukun nan, kada a tsaya a na ranar farko. A gaida Inna da Kawu da Auta.

Ka huta lafiya.

Ni ne ɗanka.