Bayanin kwamitin gyaran sikelin shanu na kara

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa makiyaya, mahauta da dillalai. Tun ranar kasuwar da ta wuce magana ke dawo mana cewa wai an tara kuɗin gyaran sikeli amma ƙarafa huɗu kawai aka gani an sayo. To e, ƙarafa huɗu ne, amma dan Allah a saurare mu.

Abin da aka yanke a gaban mai girma Dagaci tun farko shi ne a sake daɓen siminti a ƙasan sikelin a kuma walde ƙofar da ta karye, kuma an yi.

A wajen waldar nan aka samu matsala. Sikelin a kan ƙarafa huɗu yake zaune, ɗaya a kowace kusurwa, lod sel ake ce musu, su ke jin nauyin dabba su aika ta waya zuwa akwatin haɗi daga nan zuwa agogon da ke nuna kilo. Mu ba mu san ba a yin walda a jikin sikeli suna ɗaure ba, wutar ta bi ta cikinsu, wannan laifinmu ne mu kwamiti kuma mun ɗauka. Washegari aka ɗora bijimi, lamba sai rawa take ta ƙi tsayawa.

Injiniyan da muka kira daga Kano ya kwance wayoyin a gabanmu, kowace sel waya huɗu gare ta, ja da baƙi na shigar wuta, kore da fari na fitar da saƙo. Ya sa mitar gwajin wuta, lafiyayyar sel tsakanin kore da fari tana nuna kusan om 350 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta), biyu sun nuna haka, biyun kuwa shiru. Masu cewa ai da biyu kawai aka saya, wallahi mu ma haka muka so, kuɗin ba namu ba ne. Amma tsofaffin masu milibolt 2 ne a kan kowane bolt, waɗanda aka samu a kasuwa masu 3 ne, wato ƙarfin saƙon da suke fitarwa ba ɗaya ba ne, in ka haɗa su bijimi zai tsaya a gaba ya ba ka kilo daban ya ja baya ya ba ka wani, kuma kowa ya san rigimar da kilo goma ke jawowa tsakanin mai saye da mai sayarwa. Shi ya sa muka sayi huɗu iri ɗaya, su suka cinye fiye da rabin kuɗin.

Bayan an haɗa, aka riƙa ɗora buhun siminti mai kilo 50 a kowace kusurwa ana daidaitawa a akwatin har duk suka zo ɗaya, sannan aka jibga buhu 10 ya nuna 500 cif, Sarkin Fawa da Ardo suna tsaye.

Godiya ta musamman ga Alhajinmu da ya ce kar a faɗi sunansa, shi ya cika gibin da aka samu cikin dare ɗaya, Allah ya saka masa da Aljanna ya jiƙan mahaifansa. Haka ƙungiyar mahauta da Ardo da jama'arsa, Allah ya ƙara albarka a dukiya.

Saura aiki fa. Wayoyin a fili suke, ɓera na iya gwaguye su, fitsarin shanu da ruwan sama na iya shiga akwatin, ga damina ta matso babu rumfa. Muna buƙatar bututu da kwano da katako, wanda ke da ko falle ɗaya ne ya kawo. Ma'aji yana zama a rumfar dillalai duk ranar kasuwa, rasit da tsofaffin ƙarafan suna wurinsa ga mai son dubawa.