Ba injin ɗab'i kaɗai ya kai tarihi hannun talaka ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan maganar da wani marubuci ya yi a shafinka na ilimi, cewa da zarar injin ɗab'i ya bayyana a Turai sai littattafan tarihi suka wadata a hannun kowa. Idan aka dubi abin da ya faru a Ingila, za a ga lamarin bai zo da sauƙi haka ba.

William Caxton, wanda ya fara kawo injin ɗab'i Ingila, ya kafa maɗaba'arsa a Westminster a 1476, kuma a 1480 ya buga tarihin sarakunan Ingila, amma littafi bai daina zama kayan masu hali ba, domin takarda, wadda akasarinta daga Faransa ake shigo da ita, ita ke cinye kaso mai yawa na kuɗin bugu. Sau da yawa mai saye falle-falle yake karɓar littafinsa daga shagunan da ke harabar cocin St Paul a Landan, sa'annan ya kai wa mai ɗinki ya sa masa bango gwargwadon ƙarfin aljihunsa. Babban tarihin da ke ɗauke da sunan Raphael Holinshed, wanda ya fito a 1577, sai da 'yan kasuwa da dama suka haɗa jari kafin ya bugu. Da aka sake buga shi a 1587, majalisar Sarauniya Elizabeth ta sa aka cire wasu shafuka da ba su yi mata daɗi ba, wato dai bayan tsada akwai kuma idon hukuma.

To, ta ina ɗan koyon sana'a ko ƙaramin mai shago ya samu labarin magabatansa? Hanya ta farko ita ce taƙaitawa. John Stow, wanda asalinsa tela ne, ya fitar da ɗan ƙaramin taƙaitaccen tarihi a 1565, aka yi ta sake buga shi, alhali manyan kundaye na zaune a ɗakunan karatun attajirai. Ta biyu ita ce sauraro. A 1571 shugabannin cocin Ingila suka umarta a ajiye littafin John Foxe na tarihin waɗanda aka kashe saboda addini a manyan coci-coci, a wasu wuraren har da sarƙa ake ɗaure shi, mai iya karatu ya karanta, na kusa da shi su ji.

Dabarar da ta fi burge ni ta zo ne daga baya. Wani lokaci a kan tara sunayen masu son wani littafi tun ba a buga shi ba, su biya kafin alƙalami, a jera sunayensu a farkon littafin, abin da ya zama ado ga mai saye kuma kariya ga mai jari. Sa'annan a 1732 aka fara sayar da fassarar Turanci ta tarihin Ingila na Bafaranshen nan Rapin kashi-kashi, kowane mako a kan sisi, mutum ya yi ta tarawa har ya cika, ya kai a ɗinka masa. Wanda ba zai iya fitar da kuɗin kundin a lokaci guda ba, ya iya fitar da sisi duk mako.

Don haka nake ganin marubucin ya ba injin yabon da ya kamata a raba shi da dillalan littattafai, kuma ina fata idan ya ci gaba da rubutun zai faɗa mana nawa ake sayar da littattafan da ya ambata, da kuma su wa ke iya saye.

Wassalam.

Naka mai karatu,
wani malamin tarihi daga Zariya