Aminina, Kada Ka Kamo Hanya Da Wannan Ƙarar

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan Bauchi lafiya lau, alhamdu lillahi.

Saƙonka ya same ni, kuma maganar motar nan ta tsaya mini a rai. Ka ce idan ka karya kwana tayar gaba tana yin ƙas-ƙas-ƙas, da ka miƙe sai ta yi tsit, ga shi kana shirin tuƙo ta har gida da Sallah, da yara a ciki. Don Allah kada ka kamo hanya sai an duba ta.

Kafin ka je wurin bakanike, gwada da kanka. Nemi fili da sassafe, sauke gilasai, murɗa sitiyari har ƙarshe, ka ja a hankali kana zagaye. Sai ka juya ɗaya gefen. Idan ƙarar tana bin juyawar taya, kuma tana ƙaruwa in ka taka totur, to kusan tabbas kan shaf ne na waje, wato gaɓar da ke haɗa taya da sandar ƙarfen da ke kawo mata ƙarfin inji. A cikinsa akwai ƙwallayen ƙarfe, galibi guda 6, suna kwance cikin giris, roba ta lulluɓe su. Da zarar robar ta yage, giris ya tsiyaye, yashi ya shiga, sai ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Durƙusa ka leƙa bayan tayar. In ka ga baƙin maiƙo ya fantsama a cikin rim, ka gano bakin zaren.

Abin da ya same ni ke nan bara. Na fara jin ƙarar a shataletalen Wunti, na yi ta cewa sai ƙarshen wata. Ranar da muka tafi Gombe biki, mun wuce Alkaleri kaɗan kan shaf ɗin ya tarwatse. Inji na aiki, giya ta shiga, mota ko motsi. Mahaifiyata na ciki, ga rana, mun kusa awa 4 a bakin titi kafin aka jawo mu. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, shi ya sa nake matsa maka.

Amma ka saurara da kyau, don boris, wato abin da taya ke juyawa a kansa, shi ma yana ruɗa mutane. Shi gurnani yake yi, wuu-wuu, yana ƙaruwa da gudu ko a miƙaƙƙiyar hanya. Idan ka karkata hagu gurnanin ya ƙaru, yawanci na dama ne, domin can nauyin motar ya koma. A ɗaga ta da jak, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza: in tana wasa, boris ne ko boljoyin, wato gaɓar da ke riƙe ƙafar taya. In wasan hagu da dama ne, a duba tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya. Kukan da ke fitowa kana tsaye kana murɗa sitiyari kuwa, fara duba man sitiyari.

Wajen gyara ne nake so ka tsaya da ƙafarka. Idan roba ce kawai ta yage ba a fara jin ƙara ba, wanki da sabon giris da sabuwar roba sun isa. Taka ta riga ta yi magana, sai canjin kan shaf ɗin. Wani zai ce ya cusa giris ƙarar ta mutu; ɓoye ta ya yi na ɗan lokaci, ƙarfen da ya cinye ba ya dawowa. Ka tafi shago da tsohon a hannu a ƙirga haƙoransa, don ba duka ne suke shiga juna ba. A sa baƙin giris ɗin da aka yi dominsa, a ɗaure robar da ƙarfenta, kada ka yarda a naɗa waya. Babban notin tsakiya a ɗaure shi sosai a kulle shi, kana tsaye kana gani. Tunda an ɗaga motar, a leƙa robar ɗaya gefen ma.

In ka yi gwajin, ɗauko mini ƙarar a waya ka turo ta WhatsApp in saurara. Ka gaida uwargida da yara. Inna na ta tambayar ranar isowarku, na ce mata sai mota ta fito daga gareji. Allah Ya kawo ku lafiya.

Naka,
Amininka na Bauchi