Sulobeniya: a san ta kafin a kama hanya

Malam Edita, barka da aiki.

Ina roƙon fili domin ɗalibanmu da 'yan kasuwa na Garwa da Marwa masu zuwa Turai. Sulobeniya ƙaramar ƙasa ce tsakanin Italiya, Ostiriya, Hungari da Kuroshiya, mutanenta kimanin miliyan 2, kuma fiye da rabin ƙasar daji ne. Kada a rikita ta da Sulobakiya wajen neman biza.

A ganina abin kallo mafi girma yana ƙarƙashin ƙasa. Dutsen kudancin ƙasar na farar ƙasa ne, ruwa yana cinye shi har ya huda koguna. Kogon Postojna ya kai kilomita 24, da ƙaramin jirgin ƙasa ake shiga, kuma sanyin ciki kusan digiri 10 ne duk shekara. Wanda ya shiga da 'yar shara zai sha wuya, a riƙe rigar sanyi. Tafkin Cerknica kuwa yakan cika da ruwan sama, da zafi ya tsiyaye ta ramuka ya bushe, kamar yadda fadamun kogin Logone ke bushewa da rani.

Dutsen Triglav, mafi tsawo a ƙasar, mita 2,864 ne, ba a hawansa da silifa. Mai tuƙa mota ya sayi izinin babban titi tukuna, kyamara na kama masu saɓawa, tarar kuma da tsada.

Naku,
Mai karatu daga Garwa