Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Majalisar Dattawa Kan Hukuncin Kisa Ga Ɓarayin Mai

Mai girma Sanata Godswill Akpabio,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu masu sana'ar dakon mai ne da gyaran tankoki da famfunan gidajen mai a Arewa. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura 1,000, kuma duk lokacin da aka tayar da maganar satar mai sai mu ji ana kiran a riƙa kashe ɓarayin. Muna roƙon majalisarku kada ta ɓata zamanta a kan wannan.

Ranka ya daɗe, dokar tana nan. Dokar hana zagon ƙasa ga haƙowa da rarraba mai ta 1975 ta tanadi kisa ko ɗaurin da bai wuce shekara 21 ba. Doka ta 20 ta 1984, zamanin mulkin soja na Janar Buhari, ta ƙara sanya kisa a kan fasa bututu da cinikin mai ba bisa ƙa'ida ba, har aka mayar da shi ɗaurin rai da rai a 1986. Dokar 1975 tana aiki aka yi gobarar bututun garin Jesse na jihar Delta a 1998 wadda ta ci mutum sama da 1,000. Tana aiki hukumar NEITI mai bin diddigin kuɗin mai da ma'adinai ta lissafa cewa an yi asarar ɗanyen mai fiye da ganga miliyan 600 tsakanin 2009 da 2020. A gidajen yari kuma akwai mutum sama da 3,000 da ke jiran a zartar musu da kisa, rabon da a ji an zartar tun 2016 a jihar Edo. Maganarmu ba ta shafi ƙisasi a kan wanda ya kashe rai ba, wannan babi ne dabam da malamai da alƙalai suka fi mu sani. Muna magana ne a kan mai, kuma mun san inda yake zurarewa.

Mu fara da tanka. Fetur yana kumbura da zafi, kusan lita ɗaya cikin kowace dubu a kowane digiri. Tankar da aka loda wa lita 45,000 da rana tsaka, idan aka sauke ta da asuba lokacin hunturu, man ya huce da digiri 10, sandar awo za ta nuna giɓin lita 450 alhali babu wanda ya taɓa ko ɗigo. Wannan giɓin na gaskiya shi ne mafakar ɓarawo. Muddin takardar lodi ba ta ɗauke da zafin man da nauyinsa a lokacin lodi, direba zai iya zuƙe jarka goma a hanya ya ce sanyi ne, mai gidan mai kuma zai iya zaftare kuɗin direban kirki ya ce sata ce. Maganin ba shi da tsada: a rubuta zafi da nauyi a daffo, a sake aunawa wajen sauka, a mayar da duka biyun kan digiri 15 da ake lissafi da shi a ko'ina, a kuma sa hatimi mai lamba a kowane murfi da kowace kafar sauke mai, lambar tana cikin takarda.

Murfin nan na saman tanka shi ne abin da ya fi hana mu barci. Yawancin tsofaffin tankoki robar murfinsu ta mutu, wasu ma da igiya ake ɗaurewa. Da zarar mota ta kwanta, man sai ya kwararo cikin lambatu, jama'a su fito da bokitai. Haka aka yi a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu, haka kuma a mahaɗar Dikko ta jihar Neja a Janairun 2025. Allah Ya jiƙansu. Hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 da hukumar NMDPRA mai kula da dako da rarraba mai ta yi daga Maris na 2025 ya yi daidai, amma tanka mai lita 33,000 ma idan murfinta ba ya riƙe mai za ta ƙone gari. A wajabta murfi mai kulle kansa da bawul na ciki wanda ke rufewa ko da bututun waje ya karye, a kuma hana lodi ga duk motar da ba ta da su.

A gidan mai, awo da gwangwanin lita 20 na hukuma ba ya ɗaukar minti goma a kowane famfo. Gidan da ke sayar da lita 30,000 a rana, idan an taɓa mitarsa da kashi 3 cikin 100, ya cinye wa jama'a lita 900 kullum. Masu duba awo ba su da yawa, kuma sau da yawa ana sanin ranar zuwansu.

Babbar asarar kuwa ita ce ta bututu. Daffo-daffon Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri an gina su ne don mai ya zo musu ta ƙarƙashin ƙasa. Yau tanka ce ke tasowa daga Legas, kusan kilomita 1,000 zuwa Kano, tana ƙona gas wajen lita 40 a kowace kilomita 100, ta koma wayam ta sake ƙona wani. Mai fasa bututu yana walda bawul ne a jikinsa ya binne tiyo, kuma ana gane shi cikin sa'o'i idan akwai mita a inda man ya shiga da inda ya fita, da na'urar da ke nuna faɗuwar ƙarfin turawa a tsakani. Inda babu mita, ko an kama mutum babu hujjar adadin da ya sata, shari'a ta watse. Wanda ke shiga hannu a ƙarshe shi ne ɗan bumburutu mai jarka biyar a bakin titi, mai jirgin ruwan dakon ɗanyen mai yana gida.

Roƙonmu shi ne majalisa ta wajabta mita a kowace mahaɗar miƙa mai, daga rijiya zuwa famfo, ta tilasta wa hukumar NUPRC mai kula da haƙo mai da hukumar NMDPRA wallafa abin da mitocin suka nuna duk wata, ta ɗora asarar da ba a iya bayaninta ba a kan kamfanin da man ke hannunsa, sannan ta sa ranar da bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, zai fara kai wa tashoshin CNG na Arewa, wato masu sayar da iskar gas ta zubawa a mota, iska.

Allah Ya yi jagora.

Naku,
Wasu masu dakon mai da makanikan tankoki da famfuna, Kano