Ƙaurace wa bitamin A ya kusa raba ƙanena da numfashinsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan wani salon cin abinci da ya shigo mana ta wayoyin hannu, wanda ya jefa ƙanena cikin wani hali da har yau idan na tuna gabana yakan faɗi. Salon shi ne ƙaurace wa duk abincin da ke ɗauke da sinadarin bitamin A, bisa da'awar cewa wannan sinadari guba ne da ke taruwa a hanta, kuma wai shi ne tushen cututtuka da dama, tun daga ƙaiƙayin fata har zuwa asma.

Wani injiniya ɗan ƙasar Kanada ne ya yaɗa wannan ra'ayi a intanet kimanin shekara goma da suka wuce, bayan ya ce ya rabu da ciwon fatar da ya addabe shi ta hanyar daina cin duk abin da ke da bitamin A, daga nan kuma wasu masu sayar da shawarwarin abinci a Amurka suka ɗauka suka faɗaɗa. Abincin da suke kwaɗaita wa mabiyansu bai wuce naman sa da farar shinkafa da wake ba, sai 'yan abubuwa kaɗan. Idan aka kawo wannan doka cikin tukunyarmu, ma'anarta ita ce babu hanta, babu ƙwai, babu nono ko man shanu, babu manja, babu zogale, alayyahu, kabewa, karas, mangwaro ko gwanda. Wato miyar taushe ta haramta, kwaɗon zogale ya haramta, fura kuma sai dai a dama da ruwa.

Ƙanena mai shekara 34 ne, kuma tun yana ƙarami yake da asma haɗe da ƙaiƙayin fata a bayan gwiwoyinsa, cututtuka biyun da likitoci suka san sukan taho tare a jikin mutum ɗaya. Yana da inhela biyu: shuɗiya wadda yake shaƙa idan ƙirji ya riƙe, da ɗayar ta kullum wadda ke kwantar da kumburin hanyoyin numfashi. Da waɗannan yake harkokinsa lafiya lau, sai dai kowane hunturu yakan ɗan sha wuya. A ƙarshen hunturun bara ya fara wannan abinci, kuma ya yi shi da irin tsananin da aka san shi da shi a komai, har man girki da sukari yakan duba ledarsu, idan ya ga tambarin ido da ke nuna an ƙara musu bitamin A sai ya mayar wa mai shago.

Watanni biyun farko ya ji daɗin jikinsa, kuma ba zan musanta hakan ba, domin na gani da idona. Sai dai a daidai wannan lokaci ne ƙurar hunturu ta tafi, kuma shi kansa ya daina shan lemon kwalba da cin biskit da soye-soyen bakin titi, don haka akwai dalilai fiye da ɗaya da za su sa mai asma ya sami sauƙi. Shi kuwa ya danganta komai ga barin bitamin A, kuma da ya ga numfashinsa ya daidaita sai ya fara tsallake inhelar kullum, daga baya ya ajiye ta gaba ɗaya ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ranar Babbar Sallah ne Hajiyarmu ta fara damuwa, lokacin da aka gasa hantar ragon layya kamar yadda aka saba, aka miƙa masa, ya ce shi ya daina cin guba. Muka yi dariya a ranar.

Bayan damina abubuwa suka fara juyawa. Fatarsa ta bushe ta yi kaushi, idanunsa suka riƙa yi masa kamar an zuba yashi, mura kuma idan ta kama shi ba ta tsayawa a hanci, sai ta gangara ƙirji ta zauna makonni. Tarin dare ya dawo, yana farkawa wajen ƙarfe uku yana shesheka, kuma shuɗiyar inhelar da a da takan yi masa watanni sai ta koma ƙarewa cikin 'yan makonni. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne yadda bayan sallar magariba yake laluben takalminsa a ƙofar masallaci alhali kowa yana ganin nasa. Tsohuwarmu ce ta kira abin da sunansa, ta ce wannan ai dundumi ne, kuma a ƙauyensu hanta ake ba mai shi.

A nan ne nake son masu karatu su tsaya da kyau, domin nan ne haɗarin yake. Duk lokacin da ya kai kukansa ga waɗanda yake bin wannan hanya tare da su a WhatsApp, amsa ɗaya suke ba shi: guba ce ke fita daga hanta, jiki ne ke wanke kansa, ya yi haƙuri ya ƙara ƙaimi. Mai bin irin wannan koyarwa ba shi da ƙofar fita, domin idan ya sami sauƙi an ce abincin ya yi aiki, idan kuma ya tsananta an ce alama ce ta cewa aikin ya kankama. Mun san irin wannan magana a bakin masu tallar magani a tasha, waɗanda ke cewa idan ka sha ka yi ta amai da gudawa to ciwon ne ke fita. Bambancin kawai shi ne wannan ta zo da Turanci da sunayen sinadarai, shi ya sa har mai ilimin boko irin ƙanena ya faɗa. Da ƙaiƙayin fata ne kaɗai, da mutum zai iya jira ya gani, amma numfashi ba abin da ake gwada haƙuri da shi ba ne.

Abin da likitoci suka sani game da wannan sinadari ya yi daidai da abin da muka gani a gidanmu. Jiki yana ajiye mafi yawan bitamin A a hanta, kuma wannan ajiya takan ɗauki babban mutum watanni da yawa ko da bai ci komai mai ɗauke da shi ba, shi ya sa mai bin wannan abinci ba ya ganin illa da wuri, sai rumbun ya kusa ƙarewa. Hanyoyin numfashinmu kuwa a lulluɓe suke da wata fata mai laushi wadda ke fitar da majina, tana kuma da wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, waɗanda ke share ƙura da ƙwayoyin cuta suna turo su waje. Tun a shekarar 1925 wasu masana biyu a birnin Boston na Amurka, Wolbach da Howe, suka nuna a jikin ɓeraye cewa idan aka hana su bitamin A wannan fata mai laushi takan rikiɗe ta zama busasshiya mai kauri, ta rasa majinarta da gashinta. A 2009 kuma masu bincike daga Jami'ar Nottingham ta Ingila suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi a baya, suka ga cewa masu asma sun fi sauran mutane ƙarancin bitamin A a abincinsu, kuma waɗanda asmarsu ta fi tsanani su ne suka fi ƙarancin. Mutumin da hanyoyin iskarsa dama can a kumbure suke, sannan ya cire musu garkuwarsu, ya kuma ajiye maganin da ke kwantar da kumburin, ya buɗe wa hunturu ƙofa biyu a lokaci guda.

Adalci ya sa dole in faɗi cewa masu wannan ra'ayi sun riƙe wani ɓangare na gaskiya. Bitamin A yana cutarwa idan ya yi yawa, musamman irin wanda ke cikin hanta da ƙwayoyin magani, domin jiki ba ya zubar da shi a fitsari kamar bitamin C. Buƙatar namiji baligi a rana kimanin maikurogiram 900 ce, ta mace 700, kuma an sa iyaka a kan 3,000, wadda wuce ta kullum kan iya taɓa hanta, ya kawo ciwon kai, ko ya nakasa jaririn da ke ciki. Matafiyan da suka je yankin ƙanƙara na arewacin duniya sun sha kamuwa da rashin lafiya bayan cin hantar farin beyar ɗin can saboda yawan wannan sinadari a cikinta. An kuma gano a ƙasar Finland a 1994 cewa ƙwayoyin beta-karotin, wato sinadarin tsirrai da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, sun ƙara yawan cutar dajin huhu a tsakanin mashaya sigari. Saboda haka ba ina kira ga mai asma ya ruga kemis ya sayi kafso ba ne, domin bitamin A ba maganin asma ba ne. Amma beta-karotin ɗin da ke cikin zogale da manja da kabewa jiki ne da kansa ke juya shi zuwa bitamin A gwargwadon buƙatarsa, kuma iyakar abin da yawansa kan yi shi ne ya sa tafin hannu ya ɗan yi ruwan ɗorawa. Gishiri ma yana kisa idan ya yi yawa, ba mu ji wanda ya ce a kore shi daga jini ba.

Abin takaicin shi ne an ɗauko wannan koyarwa daga ƙasashen da mutane ke shan ƙwayoyin bitamin kamar gyaɗa, aka sauke ta a inda matsalarmu ita ce rashi. Tun daga 2002 doka ta wajabta wa kamfanoni a Nijeriya su ƙara bitamin A a man girki da sukari da fulawa, wanda shi ne ma'anar tambarin idon da ƙanena ke gudu. Sau biyu a shekara, a makon lafiyar mata da ƙananan yara, ma'aikatan lafiya kan ɗiga wa yara daga wata 6 zuwa wata 59 wannan sinadari a baki, shuɗin kafso ga 'yan ƙasa da shekara ɗaya, jan kafso ga waɗanda suka haura. Yaron da ƙyanda ta kama ma ana ba shi kwana biyu a jere domin kare idonsa da huhunsa. Abin da ya ƙarfafa tsarin ɗiga wa yara kafso shi ne binciken da wani likitan ido mai suna Alfred Sommer ya jagoranta a Indunusiya, wanda aka wallafa a 1986, inda mace-macen yaran da aka ba sinadarin suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Na kawo wannan ne domin daga baya matar ƙanena ta gaya mini cewa ya so ya sa 'ya'yansu biyu a kan wannan abinci, har ya hana a ɗiga wa ƙaramarsu kafso lokacin da ma'aikata suka zo gida, ita ce ta faki idonsa ta kai yarinyar asibitin unguwa.

Wani dare a watan Disamba, hazo ya rufe gari, matarsa ta buga mini waya wajen ƙarfe biyu. Na tarar da shi zaune a bakin gado ya dafa gwiwoyinsa, wuyansa da haƙarƙarinsa suna lotsawa da kowane numfashi, ba ya iya haɗa kalmomi uku ba tare da ya tsaya ba, leɓɓansa sun yi toka-toka, shuɗiyar inhelar kuma ya fesa har ya gaji ba ta yi komai ba. Ko a wannan hali sai da ya yi mini alama da hannu cewa in bari zai wuce. Ban saurare shi ba. A asibiti aka sa masa iskar oksijin, aka turara masa magani ta na'ura, aka ba shi maganin kwantar da kumburi, ya kwana uku a gado. Likitan da ya duba shi ya ce abubuwa uku ne suka haɗu: barin inhelar kullum, ƙurar hunturu, da jikin da aka shafe wata goma ana hana shi abin da yake buƙata, kuma a cikin ukun barin inhelar ne ya fi kusa da kashe shi. Ya ƙara da cewa duk mai asmar da ke buƙatar shuɗiyar inhela fiye da sau biyu a mako, ko tari ke tashinsa da dare, to ciwonsa ya fita daga hannu kuma ya kamata ya ga likita a makon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma, 455,000 suka mutu, kuma mafi yawan mace-macen a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu ne.

Malam Edita, roƙona shi ne shafinku na lafiya ya gayyato likitan ƙirji da masanin abinci su yi wa jama'a bayani da Hausa kafin hunturu mai zuwa, domin saƙonnin da ke yaɗa wannan salo an fara fassara su ana turawa a murya, kuma suna isa ga waɗanda ba za su taɓa karanta abin da likitoci suka rubuta da Turanci ba.

Ƙanena ya koma cin abincin gida bisa tsarin da asibiti ta ba shi, dundumin ya washe cikin 'yan makonni, fatarsa ma ta fara laushi. Asmar tana nan, yana shaƙar inhelarsa safe da yamma. Makon jiya wata mata a cikin mutanen nan na WhatsApp ta rubuta cewa ƙirjinta ya riƙe kwana huɗu, aka fara yi mata albishir da cewa guba ce ke fita. Ƙanena ya rubuta mata cewa ta ajiye waya ta tafi asibiti yanzu, kuma kafin la'asar an cire shi daga cikinsu.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Zariya, Jihar Kaduna.